Yajin da Ban Yi Ba

Talata, 7 ga Oktoba, ƙarfe bakwai saura na safe

Idona na hagu ya rufe. Na tsaya gaban madubi na gwada hoda, na gwada kwalli, na gwada jawo ɗankwali ƙasa. Yanzu na yi kama da macen da aka doka kuma ta shafa hoda.

A mafarkin mijina ɓarayi ne suka zo ɗauke injin ban-ruwa a gonar albasa. Ya kare injin da kyau, ni ce shaida. Da asuba ya tashi garau, ya yi salla, ya dawo yana tambayar ko akwai sauran kunu. Sai ya ga fuskata. Ya ce, "Subhanallahi, Hidaya, wa ya yi miki haka?" Kuma da gaske yake tambaya. Shekara ashirin da huɗu muna tare, ko tsawa Baban Nana bai iya ba. In akuya ta shiga buronsu, wato ofishin aikin gona, roƙonta yake ta fita.

Tun farkon damina ake yi. Da can harbi ne da ƙafa, zane yana rufewa. Fuska ba ta da zane.

Talata, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

A lakwal, makarantar da nake koyarwa, na ce ƙofa ce ta buge ni. Kowa ya gyaɗa kai cikin ladabi. Madam Awa mai koyar da Faransanci ta biyo ni har bakin aji, ta ce, "Ni ma na zauna da irin wagga ƙofa shekara shida. Da na rabu da ita har ƙiba na yi."

Darasin yau tsarin jijiyoyi ne. Na zana ƙwaƙwalwa a allo da ido ɗaya. Ba ɗalibin da ya kalli allon.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da safe

Jiya kare ne ya biyo shi a mafarki. Ƙwaurina ya karɓa.

Asabar, 11 ga Oktoba, bayan azahar

Na ja shi wurin Rumaisa. Ɗaki ɗaya muka zauna da ita a jami'a a Yamai, yanzu likita ce a nan Konni. Ta dubi idona, ta dube shi, na ga ta fara haɗa rai. Na ce, "Saurara tukuna, kada ki kira jandarma."

Ta saurara. Ta tambaye shi ko yana tuna mafarkan. Ya ce ƙwarai, kullum ana bin shi ko ana son ƙwace wani abu. Ta ce in mutum ya shiga barcin mafarki, akwai wani wuri a gindin ƙwaƙwalwa da ke kulle jiki. Mafarki ya yi ta gudunsa, jiki yana kwance kamar buhun gero. Shi makullinsa ne ya saki. Ya yi dariya ya ce to a sayo sabon kwaɗo. Sai aka kira shi daga buro, ya fita da wayar.

Rumaisa ta tashi ta tura ƙofa. Ta ce, "Yana jin ƙanshi?" Na tuna ranar da miya ta ƙone ƙurmus yana zaune a tsakar gida yana karanta jarida, har maƙwabta suka leƙo. Ta ce, "Bayan gida fa, yana yi masa wuya?" Na ce an daɗe. Ta daina rubutu.

Ta ce ba kowa ba ne, amma da yawa daga masu irin wannan barcin, bayan shekaru, abin da ya lalata makullin yakan hau sama. Hannu ya fara rawa, tafiya ta yi nauyi, fuska ta daskare. Wasu kuma tunanin ne ke zubewa. Barcin shi ke riga isowa, kamar ɗan aike. Ta faɗi sunan cuta biyu. Na san su duka, ɗaya har a aji nake koyar da ita. Ba zan rubuta ba.

Ta ce, "Ni zan gaya masa ko ke?" Na ce ni.

Abin da ya ji da ya dawo: ƙwaya kafin barci, katifarsa a ƙasa, a kwashe duk abin da zai iya buga kai, a ga likitan ƙwaƙwalwa a Yamai, kuma mu raba shimfiɗa. Mu raba shimfiɗa! A Konni aka haifi Rumaisa, amma da alama karatu ya mantar da ita.

Lahadi, 12 ga Oktoba, bayan la'asar

"Likitan ƙwaƙwalwa" kaɗai ya ji, ya kuwa ishe shi. Ya rufe ɗaki, ya ce in rantse ba zan gaya wa kowa ba. Na ce ciwo ne, kamar hawan jini. Ya ce, "A littafinki. A garin nan in anka ce ƙwaƙwalwa, hauka aka ji."

Sai ya kawo maganar mahaifinsa, Malam Labbo, wanda ban taɓa gani ba. Ya ce a Tajaye ya ƙare a ɗakin baya, hannu yana rawa, yana gaisawa da mutanen da ba su nan, yara suna leƙe ta taga. Sai ya kawo 'yarmu Nana. Bayan girbi dangin yaron da ke nemanta za su fara binciken asali, kuma mun san abin da ake tambaya. Na ce Rumaisa ta ce mafi yawa ba gado ba ne. Ya ce, "Rumaisa za ta bi su gida gida ta bayyana?"

Na rantse. Mai digirin kimiyya, da hannu a kan Alƙur'ani, cewa ba zan faɗi gaskiya ba.

Sauran maganar Rumaisa ban gaya masa ba. Bai tambaya ba.

Talata, 14 ga Oktoba, ƙarfe shida na safe

Na kwana a falo. Hajiya, mahaifiyarsa, ba ta gani sosai in an ce ta zare allura, amma ta hango katifa daga ɗakinta kafin kiran salla.

"Hidaya, mi ya fito da ke?"

"Zafi, Hajiya."

"Zafin bai kama mijinki ba?"

Ta ce ita ba ta yi boko ba, amma ta san macen da ta ƙaurace wa shimfiɗar miji mala'iku ke tsine mata har gari ya waye. Ta kalli idona, wanda yanzu ya koma ruwan ɗorawa, ta ce, "Namiji ba ya ɗaga hannu haka nan. Ki dubi bakinki."

Shi yana banɗaki yana ta zuba ruwa. Buta ɗaya ce a ciki, amma ta daɗe ba ta ƙare ba.

Laraba, 15 ga Oktoba, da rana

Na dawo lakwal na tarar an mayar da katifa ɗaki. Na fito da ita.

Alhamis, 16 ga Oktoba, da rana

An mayar. Na fito da ita. Katifar nan ta fi ni zirga-zirga.

Hajiya ta samo rubutu daga wani malami na hanyar Malbaza, ni za a ba, don a sanyaya min zuciya. Ta turara ɗakin da wani haɗi har tsaka ta gudu daga bango. Kowa yana tari. Baban Nana ya shigo ya zauna a tsakiyar hayaƙin, ya ce, "Yau ba a kunna turare ba ne?"

Na fita tsakar gida na wanke kwanukan da aka riga aka wanke.

Juma'a, 17 ga Oktoba, kafin a tafi masallaci

Ya ƙi shan ƙwayar a gaban Hajiya, ya ɓoye ta a aljihun rigar aiki. Yamai kuma sai "bayan an gama rabon iri". Ana gama iri sai taki, ana gama taki sai rahoto. Na san kalandar buron nan fiye da direktansu.

Asabar, 18 ga Oktoba, da yamma, a Illela

Ina gidanmu. Ban shirya zuwa ba.

Labarin ido ya yi tafiyarsa a motar kasuwa. Da hantsi sai ga Yaya Habibou, ko zama bai yi ba. Tun rasuwar Baba shi ne uba, kuma yana son a sani. Ya kama haɓata ya juya fuskata wajen haske kamar mai sayen tunkiya. Sannan ya juya ga Baban Nana.

"Almoustapha, tambaya guda. Kai ka yi wannan?"

Na kalle shi. Kalma biyar za ta wadatar: ina barci, ban sani ba. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Hannuna ne."

Ko a kotu ba za a kama shi da ƙarya ba.

Yaya ya ce in ɗauko mayafina. Na ce ina da aji ranar Litinin. Ya ce ajin ya ci kansa. Hajiya ta ce a tafi da ni, dama na riga na yi yaji tun daga falo. Na buɗe baki, sai na tuna inda na ɗora hannu ranar Lahadi. Na ɗauko mayafina.

Ga ni na yi yaji. Ko wannan ma yi min aka yi.

Lahadi, 19 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Na yi barci tun isha har rana ta fito. Rabona da haka tun kafin shuka. Na tashi jikina sakayau, sai kunya ta kama ni.

Litinin, 20 ga Oktoba, bayan azahar

Direktan lakwal ya ba ni hutu ta waya, da muryar ta'aziyya.

Mata suna ta shigowa jaje. Rabi sun ce in yi haƙuri, duk haka suke. Rabi sun ce kada in koma ko da rakiyar soja. Gwaggo Rahinatou ta ce masu shiru-shirun nan su ne mugaye, ita tun ranar ɗaurin aure ta ga alama a idonsa. Wannan mutumin da ya yi jinyarta sati biyu a gidanmu na Konni, yana ɗauko mata ruwan alwala.

Kowace ta zo da labarin nata dukan. Ban san suna da yawa haka ba. Ina zaune a tsakiyarsu ina karɓar tausayin da ba nawa ba, kamar wadda ta ci abincin mara lafiya.

Talata, 21 ga Oktoba, da safe

Parkinson. Na rubuta ɗaya daga cikin sunayen biyu. Rufin ɗaki bai faɗo ba.

Laraba, 22 ga Oktoba, bayan magariba

Baban Nana ya kira. Muryarsa ta yi ƙasa, kwanan nan kullum sai na ce ya ɗaga. Ya faɗo daga gado ya fasa goshi a bakin durowa, an yi ɗinki. Hajiya ta hana a sauke katifa ƙasa, ta ce ɗanta ba baƙo ba ne a gidansa. A buro ya ce babur ne ya kayar da shi a hanyar Dogarawa.

Na ce, "Ka gaya wa Yaya. Shi kaɗai."

Ya ce, "Habibou? Kafin la'asar an ji a tasha."

Na ce to ni fa? Ya ce za su zo biko ranar Asabar, komai zai wuce. Na ce mene ne zai wuce? Sai layi ya yanke, ko aka yanke shi.

Nana ta kira daga Tawa tana kuka, wai da gaske ne Baba ya doke ni? Don ita ake duk wannan ɓoyon, ga abin da ya saya mata. Na ce ta yi karatunta.

Asabar, 25 ga Oktoba, bayan isha

An yi biko. Ya zo da goro da wani abokin aikinsa. An zauna a zaure, Kawu Baƙo ƙanen Baba yana shugabanci, ni ina bayan asabari ina ji.

Baban Nana ya amsa laifi. Tsaf, dalla-dalla, kamar rahoton ƙarshen shekara. Ya ce shaiɗan ne da gajiyar aiki. Ya ce ya doke ni kuma ya yi nadama. Kawu ya ce ya yi alkawari ba zai sake ba. Ya yi. Da bakinsa ya yi alkawarin abin da ba shi da iko da shi ko na dare ɗaya.

Kawu ya yanke hukunci: gobe in koma, kuma in koma ɗakin mijina, a daina zancen falo. Yaya ya ƙara nasa: in ya sake ganin ko ƙwarzane a jikina, ba biko, takarda zai karɓa.

Wato in na kwanta kusa da shi auren ya mutu, in na ƙi kwanciya ni ce mai taurin kai. Maza huɗu sun yi yini guda kafin su gina min wannan.

Na sami Baban Nana a bayan rumbu yana alwala. Na ce, "Ka gwammace a ce kai mugu ne da a ce ba ka da lafiya?"

Ya ce, "Mugu ana ba ɗiyarshi miji."

Gaskiya ya faɗa. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Magana ta kai su magariba, kuma ba mai hawa hanyar Konni da duhu yanzu saboda rashin tsaro. Abokin aikin ya tafi gidan danginsa. Shi kuma Yaya ya ce ya kwana a shagonsa na ƙofar gida, katifa ɗaya ce amma babba. Na ce a ba shi wuri shi kaɗai. Yaya ya ce, "Tsoro kike in rama miki? Baƙona ne, ba ni taɓa shi."

Na yi ƙoƙarin hanawa. Ba sosai ba.

Lahadi, 26 ga Oktoba, da hantsi

Ina dama kunu Yaya ya shigo madafa. Rabonsa da shiga madafa tun yana satar ƙanzo. Leɓensa na sama ya fashe, ya kumbura kamar ƙosai. Ya kori yara, ya tsuguna.

"Idonshi rufe, Hidaya."

Na ci gaba da damu.

"Shina kiran a tare ta gabas, a tare ta gabas. Na riƙe shi, ya ba ni guda. Na tashe shi, ya ce mini ina kwana." Ya taɓa haƙorinsa ya duba yatsa. "Tun yaushe?"

Na ce, "Na yi rantsuwa, Yaya. Tambayi baƙonka."

Sun daɗe a shago, ƙofa rufe. Ban san abin da aka faɗa ba. Da suka fito idon Yaya ya yi ja, ya wuce ni bai kalle ni ba.

Aka sake zama don sallama. Kawu ya ga leɓe, ya ga goshin da aka ɗinke wanda jiya hula ta rufe, ya haɗa lissafinsa shi kaɗai. Ya ce, "Habibou, a gidanka? Da baƙo?" Yaya ya ce abin da ya faru tsakanin maza ya wuce. Sannan ya ce yana da sharaɗi, shi ne waliyyi: zan koma, amma ɗakina daban, nasa daban, har sai shi Habibou ya ce a haɗa. A gaya wa Hajiya daga Illela sharaɗin ya fito, in ba ta yarda ba ga ɗakin Innarmu nan yana jirana.

Kawu ya ce wannan ba tsarin aure ba ne, jiya ma an gama magana. Yaya ya nuna bakinsa, ya ce, "Kawu, ni na kwana da shi. Kai ba ka kwana ba."

Yaya ya kuma ce wata mai kamawa zai tafi Yamai sayen kayan shago, Almoustapha zai raka shi, don su gyara zumunci.

Kafin azahar labari ya gama unguwa: Habibou ya rama wa ƙanwarsa, surukin ma bai bar bashi ba. Gwaggo Rahinatou ta ce ai ta faɗa.

Litinin, 27 ga Oktoba, da rana, a Konni

Na sami duk abin da Rumaisa ta rubuta. Ɗaki daban, katifa a ƙasa, tafiya Yamai. Ba wanda aka gaya wa gaskiya sai mutum ɗaya, shi ma da naushi.

Hajiya ba ta amsa gaisuwata, amma sharaɗin maza ne, ba ta taɓa katifa ba. A lakwal Madam Awa ta dube ni ta ce, "Kin koma." Na ce na koma. Ta girgiza kai kamar mai duba takardar ɗalibin da ya faɗi da gangan. A gari shi ne mai dukan mata, ni ce wawiyar da ta koma. Haka za a san mu. Dangin yaron sun aiko, za su zo gaisuwa bayan an gama ɗaurin gero. Da alama duka ba ya cikin abin da ake bincike.

Laraba, 29 ga Oktoba, bayan la'asar

Muna kwashe durowa daga ɗakinsa, ni da shi, sai ya ajiye gefensa ya ce, "Ranar da na fita da waya, mi Rumaisa ta ce miki?"

Na gaya masa. Duka, da sunayen. Ban sassauta ba, ban iya ba. Ya saurara yana kallon hannunsa na dama, yana juya shi kamar kayan aro.

Ya ce, "Na sani. Baba ma da kokawar barci ya fara. Innata a ƙofar ɗaki take kwana, ta ce zafi."

Hajiya ke nan. Hajiya mai mala'iku. Na zauna a kan durowar don kada in fita in faɗi abin da zai kai ni Illela karo na biyu.

Ya ce, "Shekara nawa?"

Na ce ba wanda ya sani. Wasu goma, wasu fiye, wasu ba ta zuwa musu. Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To kama can, mu fitar da ita kafin magariba."

Muka fitar.

Alhamis, 30 ga Oktoba, ƙarfe shida da rabi na safe

Na ji shi ta bango, yana kokawa da wani. Na zauna a kan katifata ina saurare har ya lafa. Ban shiga ba.

Da ya fito shan kunu na duba goshi, na duba hannu. Lafiya lau. Na ce, "Wa ya yi nasara?"

Ya yi tunani da gaske, ya ce, "Ba a gama ba. Kiran salla ya raba mu."